Na'urar da Ta Tona Asirin "Ba Komai"

Malam Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni direban motar ma'aikata ne a Riyad, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa a firamare a gida. Koyarwa ta bar mini abu biyu: kyakkyawan rubutun allo, wanda ba a taɓa nema a nan ba, da ladabin da bai iya cewa a'a ba. Shekaru suka ƙara mini hawan jini da ciwon suga. Na ɓoye su, don a ganina namiji ba ya zuwa ƙasar mutane ya zauna yana bayanin cututtukansa.

Muna zaune a unguwar Badi'a, mu da yawa a gida ɗaya, ni kaɗai ke da mota a hannu. Cefanen kasuwar Utaiƙa nawa ne, canjin tukunyar gas nawa ne, haka ɗauko saƙon duk wanda aka aiko wa kuka da daddawa daga gida. Amsata ɗaya ce: ba komai. Da wannan amsa na sha tsallake ranar ganin likita, har likitan, wani ɗan Sudan mai barkwanci, ya ce ya fara zaton aljani ne ni, ana ganin sunana ba a ganina. Sannan ya daina dariya, ya ce ba zai sa hannu in ci gaba da tuƙi ba sai ya ga yadda jinina ke yi wuni da kwana. In ba tuƙi kuwa, kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, tikitin gida zai yanka mini.

Ya ɗaura mini abin awo a damtse, da igiyar roba zuwa wani ɗan akwati a ƙugu. Lokaci-lokaci yakan yi gurnani ya matse hannun. Ya ce da na ji ya fara in tsaya cak, ba motsi, ba magana, in ba haka ba awon ya lalace. Na zura jallabiya mai faɗi na rufe, na yi niyyar kwanciya a ɗaki. Ko zama ban yi ba wani dattijo ɗan Maraɗi da muke kira Baba ya leƙo, wai matafiyi ya taho masa da kaya, ko zan miƙa shi filin jirgi? Kun san abin da na ce.

A zauren masu sauka, na sungumi jakar Baba ke nan, na'ura ta yi gurnani. Na dire jakar na ƙame, hannu a miƙe, ga igiya ta leƙo ta hannun riga. Wani askari mai tsaron filin ya nufo mu yana tambayar mene ne wannan. Na duba ɓangarorin biyu kamar tambayar jarrabawa: in na yi magana awo ya tafi, in na yi shiru wataƙila ni zan tafi. Na yi shiru. Baba ya hau rantsuwa da Larabcinsa na kasuwa cewa ni mutumin kirki ne, malami ne, bai san abin da ya same ni ba, yana ta zungurina wai Malam yi magana mana, ko maye ne ya kama ka?

Da na'urar ta saki, na ɗaga hannun riga. Askarin ya duba, ya fashe da dariya, ya ce mahaifinsa ma ya taɓa ɗaura irinta. Ya yi mini fatan lafiya, ya juya kan Baba, ya ce ya Hajji, marar lafiya kake sa wa dako? Baba ya ɗora jakar a kansa. Tun daga can har gida faɗa yake mini: wai duk karatun nan nawa ban kai wurin da aka rubuta cewa baki na faɗar ciwo ba? Wai da na faɗi a hanya, wa zai gaya wa iyalina a kan daddawa na tafi?

Awo bai lalace ba. Likita ya nuna mini inda jinin ya fi hawa, ya tambayi abin da nake yi a lokacin. Na zaci wurin askari ne. Ashe da hantsi ne, a ƙofar ɗakina, daidai sa'ad da nake ce wa Baba ba komai. Ya sauya mini magani, ya sa hannu, ya ce wannan kalma ma in rage ta kamar gishiri.

Yanzu ranar asibitina duk gidan sun san ta. Wani ya karɓi cefane, mai girki ya rage gishiri, ana ta ƙorafin miya ta zama ta asibiti, ana kuma sha. Nadamata ita ce shekarun da na yi ina zaton za a raina ni, alhali jira suke a gaya musu. 'Yan'uwana da ke zaune da ciwo a baƙuwar ƙasa, ku faɗa wa na kusa, kada kunya ta cinye muku ranar likita. Ni dai har yau ina ɗauko saƙo. Sai dai in na amsa, Baba kan riƙe mini damtse ya matsa, ya ce Malam, wannan "ba komai" ɗin na gaskiya ne, ko mu kira ɗan Sudan?