Muryar da Ta Sa Aka Ci Iri

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Kwaya. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Mahaifina ya rasu ina goye, yayan Inna ne ya riƙe ni, Kawu Manzo. Manomi ne kawai, ba malami ba, ba mai gari ba, amma a ƙauyenmu in ya faɗi magana an gama. Ko ruwan farko ya sauka, ba mai fita shuka sai Kawu ya tona ƙasa da hannunsa, ya duba inda laima ta kai, ya ce a fita. Bai tara shanu ba, bai je Makka ba. Dukiyarsa a duniya ita ce wannan yarda da mutane suka yi masa, kuma ita ce na taɓa.

Ni kuwa baki Allah ya ba ni. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake kwaikwayon muryar mutane: mushe, wato malamin ajinmu, liman, mai sanarwa a rediyo, har tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin hanya. Karatu bai zauna mini ba, na tattara na tafi Magariya, na samu wani ya ajiye ni a teburin cajin salula kusa da tasha.

A wannan tebur na san tsofaffi. Mutum zai zo daga ƙauye ranar kasuwa, ya zaro salula daga aljihu a naɗe cikin leda, wadda ɗansa ya aiko masa daga ci-rani, ya miƙo mini da hannu biyu. "Yaro, buɗe mini in ji." Ba ya karatun boko, saƙon murya kaɗai yake bi. In muryar ta fara da sallama da salati, sai ka ga ya gyara zama. In da hoto, magana ta ƙare, zai ce ai da idonsa ya gani. Ba wauta ba ce, kada ku ɗauka haka. Waɗannan mutane ne da ba ka isa ka cuce su a cinikin akuya ba. Amma su mutanen rediyo ne. Sun tashi a zamanin da in akwati ya yi magana, to ganin wata ne ko sanarwar rasuwa, kuma ba kowa ake bari ya shiga ciki ba. Sai suka ɗauka salula ƙanwar rediyo ce. Ba su san kowane ɗan iska mai kiredi, wato kuɗin kira, zai iya shiga ya yi sallama ba.

Da wasa na fara. Wata rana ba ciniki, na ɗauki muryar wani dattijo na ce an gano rijiya a yankin Guci wadda ruwanta ke warkar da ciwon gwiwa. Na tura wa abokaina don mu yi dariya. Ba a jima ba wani tsoho ya zo tebur da jarka a hannu, yana ɗingishi, ya kunna mini muryata, ya tambaye ni inda ake shiga motar garin. Ranar ya kamata in ji kunya. Daɗi na ji.

Wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Gambo yana zaune a gefe, ya ga komai. Da tsohon ya tafi sai ya ce mini, "Kai, gona gare ka a baki, ka bar ta ba shuka." Daga nan muka ƙulla. In yana son sayen gyaɗa, ni zan yi murya in ce an hana fitar da ita, farashi zai faɗi, mai ita ya yi maza ya sayar. In wake ne haka. Na sayi takalma, na sayi babur, na riƙa gaya wa kaina ai ban shiga gidan kowa ba, ban fasa rumbun kowa ba, magana kawai na yi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanenmu, amma lokacin kunnena a toshe yake.

Sai bazarar wata shekara da rumbuna suka yi ƙasa. Gambo yana da tsohon gero da ya yi shekara da shekaru a sito, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Ya sa aka tankaɗe shi, aka cuɗa da jan gari, don irin zamani na gaske da ɗan jan magani yake zuwa. Aka ƙulla a ƙananan ledoji. Saura murya.

Na shiga ɗaki na kunna fanka don a ji kamar biro, wato ofis. Na zama babban mushe, wato jami'i, na forjen noma, irin shirin nan na taimakon manoma. Na yi sallama, na yi salati, na yayyafa Faransanci nan da can. Na ce masana sun duba, daminar bana gajera ce, tsohon iri ba zai kai ba, ga sabo mai nuna da wuri. Na ce kada a haɗa shi da na gida a gona ɗaya, zai lalace. Na haɗa da hoton wata gona da ban san ko a wace ƙasa take ba, zangarniya kamar hannun ƙato. Na rufe da cewa duk wanda ya ji ya tura wa ɗan'uwansa don Allah. Wannan "don Allah" ita ce ƙafar saƙon, da ita ya zaga ƙasar Magariya da Dungas.

Rannan da hantsi salulata ta yi ƙara. Kawu ne.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗan nan, kai ne kake cikin birni, kai ka san kan abin nan. Wata magana ke yawo ta sabon iri. Mutane sun dame ni, na ce su dakata in tambaya. Gaskiya ce?"

Na san in na ce ƙarya ce, Kawu ba zai riƙe a cikinsa ba, kafin la'asar ƙauyuka sun ji, kayan Gambo sun kwana. Na ce a raina zan aika masa da iri mai kyau a ɓoye daga baya. Sai na ji bakina yana cewa, "Gaskiya ce, Kawu. Har mutumin na gani."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka."

Irin da na ce zan aika, kullum gobe, har ruwa ya sauka.

Abin da ya biyo baya Inna ce ta ba ni labari. Kawu ya tsaya ƙofar masallaci ya ce ya tambaya, an tabbatar masa. Shi ke nan, kowa ya saya. Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin abin da ya faru ba sai na faɗa muku. Kowane gida yana ware damin iri tun kaka, zangarniyar da ta fi kyau, a sa a ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa shi. Amma ga bazara, ga yara suna kuka, ga sabon iri a leda, kuma an ce na gida ba zai yi amfani ba. Sai magidanta suka ce wa mata su sauke damin su sussuka. Irin da aka gada tun kakanni aka yi tuwo da shi.

Aka yi shuka. Ƙasa ta sha ruwa, ciyawa ta fito, gero shiru, sai tsiro ɗaya nan ɗaya can. Malam Nomau, aminin Kawu tun suna kiwon awaki, ya je gonarsa ya tona rami, ya kwaso jan ƙwayar da ta ruɓe. Ya zo gaban jama'a ya zube ta a ƙafar Kawu ya ce, "Manzo, ga tabbacinka." Daga ranar bai sake yi masa magana ba. Aka yi ta tambayar Kawu wa ya tabbatar masa, ya ce shi ya faɗa, shi za a kama. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Ya daina zama a dandali, in ya idar da salla sai gida.

Mutanen ƙauyukan da ba su saya ba, Allah ya saka musu, su suka tara iri tafi-tafi suka kawo, don a wajenmu ba a hana iri. Amma lokaci ya wuce. Abin da aka girbe bai kai ko'ina ba, samari suka tafi ci-rani tun ba a gama kaka ba, aka sayar da dabbobi.

Rana dubu ta ɓarawo. Manoma suka bi sawun ledojin har siton Gambo, jandarma suka same shi da sauran jan garin. Tun kafin a matsa shi ya nuna ni. Muryoyin duk suna cikin salulata, ba abin da zan musa. Zuju, wato alƙali, ya yanke mana hukunci, aka kai mu kaso, gidan yari.

Ina gode wa Allah da wannan kamu, da gaske nake faɗa. Lokacin mun riga mun fara shirin maganin hawan jini na ƙarya. Da an bar mu, da ba gona kaɗai zan kashe ba.

Na ɗauka ba mai zuwa wurina. Wata ranar ziyara aka kira ni, na tarar da Kawu tsaye da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin rogo. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Na durƙusa zan fara kuka, ya ɗaga mini hannu.

"Ban zo jin ban-haƙuri ba. Abu ɗaya za ka faɗa mini. Muryar mushen nan, ta wace ce?"

Na ce, "Tawa ce, Kawu."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Ni na goye ka. Cikin kukan yaran unguwa nakan ware naka. Na saurari abin nan har ban san iyaka ba, ban gane ka ba. To in ni ban gane ba, ina Nomau zai gane?"

Tun daga nan bai fasa zuwa ba. Hanya ce mai yashi, ga tsufa, wani lokaci a amalanke yake fitowa bakin titi. Kuma duk zuwa da tambayarsa. Yaya ake sa hoton wata ƙasa a ce nan ne? Me ya sa mai ƙarya kullum yake cewa a yi sauri? Ni da na cuce shi na zama malaminsa a bakin ƙofar kaso. Na gaya masa duk muryar da ba ta faɗi sunanta da garinta da inda za a same ta ba, a bar ta. Ya ce, "Wato kamar baƙon da ya ƙi faɗin gidan ubansa." Na ce haka ne. Ban taɓa jin kunya irin ta waɗannan ranaku ba, kuma ban taɓa sanin ana ƙaunata haka ba.

Da aka sake ni, na so in wuce Agadas inda ba wanda ya san ni. Kawu ya ce a'a, gida za mu. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe ya ce wa jama'a su ɗan dakata, ɗansa yana da magana. Na tashi. Na ce Kawu bai yi ƙarya ba, ni ya tambaya, ni na tabbatar masa. Sai Kawu ya ce, "Yi musu muryar."

Na rufe ido na yi sallamar mushen forje, da salatinsa, da Faransancinsa. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi! Ashe mushen ke nan?" Wani ya ce in sake. Na sake, na ƙara da dattijon rijiyar Guci. Wasu suka fashe da dariya, sai kuma dariyar ta mutu, don kowa ya tuna gonarsa. Na roƙi gafara. Wasu suka yafe a take, wasu suka ce sai sun yi tunani, kuma ban ga laifinsu ba. Malam Nomau ya ɗauki takalmansa ya fita.

Na zauna a ƙauye ina noma tare da Kawu. Damina ta wuce, Malam Nomau bai taka gidanmu ba. Wannan ya fi kaso yi mini ciwo, don na san zaman kason da na yi bai dawo wa Kawu da abin da na ɗauke masa ba.

Wata safiya muna gyaran danga sai muka ji sallama. Malam Nomau ne. Ya zauna a bakin tabarma, suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ya ce wani yaro daga wajen Dungas yana neman jikarsa, ita ma tana so, amma su ba su san gidan ba sai hotuna da muryoyi a salula. Ya ce, "Manzo, ka je ka gano mini asalinsu. Abin da ka ce, shi ke nan."

Kawu ya share ido da bakin riga. Sannan ya juyo ya ce mini, "Tada babur. Da ƙafata zan shiga gidan, in ga tukunyarsu, in tambayi maƙwabta." Na kai shi, na jira a waje, ina ta hamdala ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara.

Yara, ku nake wa wannan magana, ku masu saurin yatsa. Ba na tsoron ku fasa shago, yawancinku ba za ku yi ba. Abin da nake tsoro shi ne abin da kuke kira wasa: murya ɗaya, hoto ɗaya, a tura a yi dariya. Ku ba ku san inda zai sauka ba, ni na sani, a rumbun wani yake sauka. In tsohonku ya miƙo muku salula ya ce ku duba masa, ku zauna ku duba da gaske, kada ku yi masa dariya. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku raka shi wurin wanda ya sani. Shi ba da salula ya yarda ba, da ku ya yarda. Ni na ci wannan amana, Allah ya ba ni Kawun da ya rayu har ya yafe mini a gaban mutane. Ba kowa ke samun tsohonsa da rai ba ranar da ya dawo.