Furannin Khanh Masu Komawa Gida

A kasuwar garinmu Can Tho ana cewa furannin Yaya Khanh ƙafa gare su. Wai idan ka sayi dami ɗaya ka miƙa wa mawaƙi a kan dandamali, kafin a gama tafi ya sauka, ya zaga ta bayan zaure, ya koma teburin da ka saye shi, har yana haki. Wata mai sayar da agwagi ta rantse ta ga wani dami yana tsallaka kwata.

Ƙarya ce tsagwaronta. Fure ba ya tafiya. Khanh ne ke ɗaukarsa a guje.

Trieu Khanh taubashina ne, gajere, mai sanƙon da ake iya gyara ɗankwali a cikinsa. A da aski yake yi. Shekara tara ke nan da ya ajiye almakashi ya koma shirya wasan waƙe-waƙe a ranar Lahadin farko ta kowane wata: mawaƙa shida, 'yan rawa, ɗan barkwanci guda, sai babban baƙo daga birnin Saigon. Tun daga lokacin gashinsa ya fara yin hijira.

Mutanenmu kuwa ba su da wuyar sha'ani. Abin da suke so kaɗan ne. Idan waƙar ruwan sama ce, a zubo ruwa na gaske. Idan ta rabuwa ce, hayaƙi ya tashi har gwiwa. Mawaƙiya kada ta maimaita riga, don akwai tsofaffin da ke tuna rigar da ta sa bara waccan har da maɓallinta. Tikiti kuma kada ya wuce kuɗin kwanon taliya biyu. Sau ɗaya Khanh ya ƙara dong dubu goma, 'yan canji a kuɗin ƙasarmu, aka yi sati ana gaishe shi kamar wanda ya saci gunkin haikali.

Kuɗin tikiti a wurin baƙon Saigon yake ƙarewa. Hayaƙi da ruwa da haya, duk fure ke biya. Matarsa Nhan tana zama a bakin ƙofa da dami goma sha biyu. Mai son mawaƙi ya saya, ya hau, ya miƙa, a ɗauke shi hoto. Mawaƙi ya ajiye a bayan labule, Khanh ya kwasa ya fice ta ƙofar baya, Nhan ta fesa ruwa ta sake ɗaure shi da sabon zare. Dami goma sha biyu, a sayar da arba'in. Akwai damin da ya fi wasu mawaƙan yawan hawa dandamali.

Sai aka gayyato Thuan, tsohon mawaƙin nan mai baƙin gashi na rinin kwalba. Gwaggo Bay, yayar mahaifin Khanh, shugabar masu busasshen kifi, tun tana budurwa take mutuwa a kansa. Ita ke kawo matan kasuwa arba'in kowane wata, layi uku na gaba nasu ne. Duk ranar da suka daina zuwa, sai dai Khanh ya nemo almakashinsa.

Gwaggo ta sayi dami mafi girma, ta cusa wasiƙa mai shafi huɗu a tsakiya, ta hau da sandarta ta miƙa. Da Thuan ya kai waƙa ta uku, ta jirgin ruwan da ya tafi bai dawo ba, zuciya ta sake motsawa. Ta fita ta sayi wani damin. Ta sa hannu za ta cusa 'yar takarda ta biyu, sai ta ji wata a ciki. Ta zaro. Wasiƙarta ce, jiƙe sharkaf, ko buɗewa ba a yi ba.

Khanh yana bayan labule rungume da dami biyar ya ji kiɗa ya tsaya, ya ji muryar da ta saba kiran ciniki daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan ta cika lasifika.

"Khanh! Ɗan ƙanena mai kan ƙwai! Fito nan!"

Ya fito, furannin na hannunsa, don ya manta ya ajiye.

"Gwaggo, a yi haƙuri, bari a tashi..."

"A tashi ina? Wannan furen sau nawa ya hau?"

"Sau... biyu."

"Kalli idona."

"Huɗu, Gwaggo."

Zaure ya ɗauki ihu. Khanh ya ga matan layin gaba suna tattara jakunkuna, ya ga shagon aski yana yi masa murmushi. Sai ya karɓi makirfo.

"Iyayena, ruwan da ya zubo muku ɗazu, furen nan ne ya biya. Hayaƙin ma shi ne. In kuna son sabon fure kowane hawa, tikiti zai ninka. Ku zaɓa."

Jin an ambaci ninki, jakunkuna suka koma kan cinya.

"Wa ya ce maka juya kaya laifi ne?" in ji Gwaggo. "Ni kifin jiya nake sayarwa yau. Amma ba a kuɗin na yau ba, ɗan banza! Hawa na huɗu ka sayar mini a kuɗin na fari?"

A nan aka yanke hukunci. Thuan ya karanta wasiƙar a ɓoye, ya yi wa Gwaggo waƙa guda yana riƙe da hannunta, ta yi kukan da ya fi ruwan Khanh yawa. Yanzu teburin Nhan farashi uku ne: sabon hawa, hawa na biyu, da wanda ya gaji. Na ukun ya fi tafiya, har layi ake yi.

Watan jiya na same shi yana fesa wa wani dami ruwa, na ce, "Ranka ya daɗe sarkin gwanjon fure, yaushe za ka ba wannan tsohon fansho?"

Ko ɗago kai bai yi ba.

"Shi duk hawan da ya yi sai ya kawo mini kuɗi. Kai shekara tara kana shiga da tikitin kyauta, har da matarka da surukarka. Da ana iya fesa maka ruwa a sayar, da tuni na huta."