Goben da Ta Ƙi Zuwa

Har yau ban manta da ranar da Malam Sahabi ya shigo ofishinmu na Bodinga riƙe da waya kamar mai riƙe da sammaci ba. Alhamis ce, cikin watan Satumba, manoman albasa na shirin yafa iri. Lokacin ina ƙaramin akawu a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma da iri. Tsarinmu shi ne kowane ƙauye ya kawo sunayen manomansa, shugaban ofis ya sa hannu, a tura Sakkwato. Takardar da ba ta isa ba zuwa Juma'a, mutanenta sai baɗi.

Shugabanmu Alhaji Modi mutumin Shagari ne, dattijon da ko akuya ya tarar a ƙofa sai ka ɗauka zai gaishe ta. Ran Litinin zai je taro Sakkwato, sai na yi karambani na gaya masa imel na iya ba da amsa da kansa idan mutum ba ya nan. Saƙo ɗaya za ka rubuta, ka sa ranar farawa da ranar ƙarewa, duk wanda ya rubuto ya sami amsa nan take.

Ya ce, "Awo, haka na? To rubuta mu gani."

Na rubuta, "Ba na ofis."

Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Nasiru, wanga ai rashin kunya na. Mutum shi rubuto maka, ko gaisuwa babu?"

Sai ya shifta mini nasa: "Ranka shi daɗe, ina gajiya, ina iyali? Na ga saƙonka. Yau na ɗan hita, amma gobe in Allah ya so ina nan, ka taho." Na buga, na kunna, ina ta jin kaina, ashe ranar ƙarewa ban sa ba.

Daga wajen taron ne zazzaɓi ya kama Alhaji, ya wuce gida Shagari ya kwanta. Mu kuma Talata da Laraba muna Lambara wajen awon gonaki, maigadi kaɗai muka bari.

Malam Sahabi shi ne sakataren manoman Mandera. Ran Litinin ya rubuto yana tambayar yaushe zai kawo sunaye, amsa ta ce gobe. Talata ya zo, ba kowa sai maigadi. Ya koma ya sake rubutowa, amsa ta ce gobe. Laraba ma haka. Sai a zuwa na uku ya tarar da ni.

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, duba nan. Sau ukku Alhaji na ce mani ranka shi daɗe, ni da ban kai ba. Dattijo kamatai ya ce in taho, ina ƙin tahowa? Amma goben ga tashi, wace rana ta?"

Wallahi kunya ta kama ni har wuya. Na yi masa bayanin cewa kwamfuta ce ke amsawa. Sai ya ce, "Ashe inji na ke tambaya ta iyali. Ni ko kullum sai na amsa mashi lahiya lau."

Na so in yi dariya, amma da na tuna gobe Juma'a ce, gobe ta gaske, sai dariyar ta maƙale. Na goya shi a babur ɗina muka nufi Shagari. Muka sami Alhaji a zaure, lulluɓe da mayafi. Da ya ji labari ya yi dariya har da tari, ya sa hannu a takardar sunayen Mandera, ya ce, "Laihi nawa na, Malam. Ni nic ce gobe. Nasiru dai ya hana ta wayewa." Juma'a da sassafe na kai takardar Sakkwato da kaina, mutanen Mandera suka sami irinsu.

Tun daga ranar, duk wanda na koya wa wannan aiki sai na ce ya sa kwanan wata, ya faɗi wanda za a nema a madadinsa, ya kuma bayyana cewa na'ura ce ke magana. Mutanenmu ba sa wasa da maganar babba. In ya ce ka zo, za su bar gona su zo, ko sau nawa ne. Ni ma ban tsira ba, don har yanzu in na shiga kasuwar Shagari Malam Sahabi ya hango ni, sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam Gobe, yau dai ka iso!"