Makullin da Na Bari a Bakin Inji

Ranar wata Alhamis, cikin hutun shekarar da na gama aji huɗu a makarantar sistoci, mahaifiyata ta ɗora mini kwanon kisra, wainar dawa mai falle-falle, da miyar kuɓewa a ka, ta ce in kai wa Baba a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Baba ya bar cirar auduga a gonakin Jazira tun kafin a haife ni, ya koyi aikin maharaɗa, injin nan da ke juya ƙarfe yana fere shi kamar rogo.

Na tarar ma'aikata sun fita wanke hannu, rumfar ba kowa. Bakin injin yana da haƙora uku masu riƙe ƙarfe, ana ɗaure su da wani makulli mai nauyi wanda na sha ganin Baba yana murɗawa. Na taka akwati, na zura makullin, na murɗa, haƙoran suka buɗe, suka rufe. Sai na ji muryoyi. Na diro, na zauna kusa da randa, na harɗe hannuwa yadda aka koya mana a aji. Makullin kuwa yana nan tsaye a bakin injin.

Suka zauna cin abinci, suna ba'a cikin Larabci da Hausa, ni idona na kan makullin. Na san dokar, domin Baba yakan maimaita ta har a gida: "Ba a barin makulli a inji, ko na ƙiftawar ido." Amma akwai wata dokar da rula ta dasa mini a tafin hannu shekara huɗu: "Yarinya mai tarbiyya ba ta magana sai an tambaye ta." Ga kuma Usɗa, mai rumfar, wanda idan ya ji 'yar ma'aikacinsa ta taɓa inji, na tabbata zai kori Baba. Na yi ta jira wani ya tambaye ni.

Baba ya miƙe, ya naɗe hannun rigarsa. Yana waiwaye yana ce wa abokin aikinsa, "Kai da ka cinye rabin kwanon, zo ka yi rabin aikin mana," ya danna maɓalli. Ƙara ɗaya na ji. Makullin ya tashi ya same shi a saman idon hagu, ya faɗo gabana yana juyawa a ƙasa. Jini ya rufe masa fuska.

Usɗa ya daka tsawa, "Wa ya bar makulli?"

Ga tambayar ta zo. Na buɗe baki, amma Baba ya dubi baƙin man da ke tafin hannuna da idonsa mai lafiya, ya ce, "Ni ne, ya Usɗa." Sannan ya rage murya: "Uwata, ɗauki kwanonki. Ki wanke hannu kafin ki isa gida." Idon nan bai sake gani ba.

Shekaru da yawa suka wuce. Bayan na ajiye aikin koyar da lissafi, na sayi tsohuwar ƙaramar maharaɗa, na kafa ta a ɗakin bayan gidana a Omdurman, da zartuna da ma'aunai, kowanne a kan ƙusarsa. Mai haɗa wutar lantarki ya yi dariya: "Ya Hajiya, dankali za ki fere da ita?" Sau uku na sa shi ya kwance aikinsa, har sai da ya zama injin ba ya tashi in ba a mayar da makulli mazauninsa a bango ba. Duk da haka ban taɓa kai hannu ga maɓalli ba tare da na dubi bakin injin sau biyu ba.

A da ina da wanda zan gaya wa, na rasa baki. Yanzu ƙamshin mai da ɓarɓashin ƙarfe kaɗai suka rage mini daga Baba. Har Baba ya rasu bai tambaye ni ba, ni kuma, da yake ba a tambaye ni ba, ban faɗa ba.