Ranar da Surukata Ta Ce In Zauna

Shekara shida ke nan da rasuwar surukata, Inna Abu ta Tarka, Allah Ya jiƙanta. Har yau in na ga mara lafiya yana ture kwano, ita nake tunawa, kuma mamakinta bai sake ni ba.

Mu a Damargu, suruka ba ta cin abinci a gaban mijin 'yarta. Inna kuwa ta fi kowa riƙo da wannan. Tun da na auri Hadiza ban taɓa ganin ta kurɓi ko ruwa a gabana ba. Sunana ma ba ta faɗa, Malam take ce mini. Sai ga ciwon daji ya kama ta a mama, aka tura ta Yamai ƙarin ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake kira shimiyo. Hadiza na jego a Tanut, yayyenta maza suna arewa da dabbobi, rakiya ta faɗo kaina.

Maganin ya ba ta wuya. Bakinta ya yi gyambo, ƙamshin miya kawai yana tayar mata da zuciya, nama kuma ta ce ɗanɗanon ƙarfe yake mata. Likita ya ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini: kunun gero da gyaɗa, dafaffen ƙwai, wake mai laushi, madara kuma sai an tafasa, ba ɗanya irin ta ruga ba. Ni da ban taɓa riƙe muciya ba na koyi dama kunu. In na ajiye mata kwano sai in fice, kamar yadda tarbiyya ta ce. In na dawo ta ce ta ci. Ashe kajin masu gidan da muka sauka ne suke ta ƙiba.

Ran awo likita ya faɗa mana gaskiya. Ta rame, jininta ya yi ƙasa, in ba ta murmure ba dole a dakatar da maganin, ciwon kuwa ba zai jira ta ba. Hankalina ya tashi, don ban san bakin da zan ce wa surukata ta ci abinci ba.

Da la'asar na ajiye kunu, na juya zan fita.

"Malam, komo ka zauna," in ji ta.

"A nan, Inna?"

"A nan. In ni kaɗai ce, da zuciyata ta tashi sai in aje. Amma in kana wurin, ai kunya ba ta bari na in tofar da abin da na sa a baki."

Na zauna kaina a ƙasa. Ina jin ƙarar ludayi, ina jin yadda take haɗiya da ƙyar, ta huta, ta sake ɗiba. Kunyar da na ɗauka za ta kashe ta, ita ta ɗauko ta tsare kanta da ita. Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin wannan ba. Haka muka yi kullum har jininta ya hau, ta ƙarasa maganinta, ta ƙara shekaru a duniya har ta ga jaririyar da Hadiza ta haifa da allon makaranta.

Yanzu wayoyi sun cika da masu cewa mai ciwon daji ya bar cin kaza da kaza, wai yunwa za ta kashe ciwon. Da Inna na nan, na san sai ta tambaye su ko sun taɓa haɗiyar kunu da gyambo a baki.

In aka ce me ya saura mini nata, wani yini ne bayan komawarmu. Na je Tarka gaishe ta, na tarar tana cin tuwo a rumfa. Tana hango ni ta rufe kwanon, ta ja mayafi, ta kau da kai. Na tsaya bakin ƙofa hawaye na zubo mini don murna, saboda a ranar na tabbata ta samu sauƙi.