Hotunan Inna da Gyaran da Sagiru Bai Ƙarasa Ba

Shekara huɗu ke nan da muka kai ƙanena Sagiru makwancinsa. Ni mai walda ne a Gyadi-Gyadi, a aji uku na sakandare na tsaya, don haka kada wani ya zo yana gyara mini bayani.

Sagiru yana rubutu a wani dandalin intanet da aka gina a kan abin da suke kira bulokcen, wai duk abin da ka sa a ciki ba ya goguwa. Can ya zuba hotunan marigayiya Innarmu, kafin ruwa ya yoyo ta rufin ɗaki ya cinye albam ɗin. Ranar na yi ta masifa. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, suna sama."

Na ce, "Wace saman? Ta bakwai?"

Shi da kansa ya gano matsalar daga baya. Tsarin dandalin a buɗe yake, kowa na iya leƙa yadda aka ƙera shi. Da ya leƙa, sai ya tarar rubutu kaɗai ke shiga bulokcen, hotuna kuwa a kwamfutar wani kamfani ake ajiye su. Ya sanar a bainar jama'a, ya fara haɗa gyara. Suka yi ta yabonsa da Turanci. Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi.

Da aka zo rabon gado, Kawu ya sa kwamfutar Sagiru cikin kaya, aka sayar wa wani ɗalibin jinya a Tarauni, aka goge ta fes. Kwafin hotunan yana ciki.

Bara kamfanin ya rufe. Yanzu in na buɗe shafin sai in ga an rubuta, "Inna tana tankaɗe a tsakar gida," ƙarƙashinsa kuma fili fetal. Na je wurin Emeka, abokin aikin Sagiru a Daurawa. Ya nuna mini gyaran yana nan inda Sagiru ya tsaya, ba wanda ya ɗora.

"Oga, ko yau aka ƙarasa, hotunan sun tafi."

Da Sagiru na raye, na san zai kare mutanen dandalin, ya ce ai ba su ɓoye komai ba. Gaskiya ne. A gaban idon kowa aka bar abin ya lalace.

Kalamansa suna nan, ba mai iya taɓa su, Allah ya jiƙansa. Fuskar Inna kuwa a kaina kawai ta rage, kuma ta fara dusashewa.