Rijiyar Malam Sule

A duk shekarun aikina, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka aike ni wani gida a bayan Tarauni, wajen tsakiyar shekarun saba'in. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen fitar da hanyoyi. Masu awo su kafa turaku, mu kuma mu bi gida-gida mu yi wa jama'a bayani kafin katafila ta iso.

Ban daɗe da gama kwas ɗin koyon magana da jama'a ba. An koya mana cire takalmi, da zama a ƙasa, da gaisuwa a tsanake, da barin babba ya kai aya. Mu 'yan Gyaɗi-Gyaɗi dariya muka riƙa yi, wai a aji za a koya wa Bakano gaisuwa. Amma na ƙaru, don ni mai gaggawar baki ne.

Sabuwar hanya za ta bi ta kan rijiyar wani dattijo, Malam Sule, kuma ita unguwar duka ke sha. Shugaban sashenmu, Alhaji Bala, ya kira ni ya ce, "Kai da ka yi kwas, je ka lallaɓa shi. Ce masa gefe za a bi. In katafila ta zo, ai aikin gama ya gama."

Na je na yi duk yadda aka koya mini. Tsohon ya saki jiki da ni, har ya sa aka kawo mini ruwa. Can sai ya ce, "Ɗana, rijiyar nan za ta tsira?"

Na san duk abin da na ce zai yarda, kuma ladabina ne ya jawo haka. Na ce, "Baba, ba za ta tsira ba. Bayan damina za a cike ta."

Sai ya ce, "Mahaifina ya haƙa ta. To, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa da wuri."

Washegari dattawan unguwar suka cika ofishinmu da ƙorafi. Alhaji Bala ya yi mini tatas, ya jima ba ya amsa gaisuwata. Ba a karkatar da hanyar ba, amma kafin katafila ta zo mutanen sun yi gayya sun haƙa wata rijiyar, ba wanda ya kwana da ƙishirwa.

Ku da ake turawa kwas yanzu, ku je ku koya, yana da amfani. Sai dai ku sani, da zarar mutum ya yarda da ku, amana ta hau kanku. Ƙaryar mai ladabi ta fi ta marar kunya cutarwa, don ba wanda ke yi mata shiri.